Ranar da Na Hana Ɗana Komawa Lakol

Shekarun baya, a kakar da wake ya yi yawa har muka rasa inda za mu zuba shi, na yi wani abu wanda har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko, ban san komai a takarda ba. Surukata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Ta ce za ta sa a waya inda mutane ke karantawa, na ce ta sa. Mun yi da ita in kuka ya zo mini a tsakiya za ta jira ni.

Ɗana na fari a asibiti yake aiki. Ba shi ne mai fiɗa ba. Shi ne yake sa mutum barci kafin likita ya taɓa shi da wuƙa, ya zauna wajen kansa yana lura da numfashinsa har a gama, sa'an nan ya tashe shi. A ƙauyenmu, can gefen Cadawa, "mai barci" ake ce masa. Ubansa kuwa "Lokotoro", wato likita, yake kiransa don tsokana. Ni ba na kiransa da komai. Ɗan fari ne, kuma mu a yadda muka tashi uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ina son ya san wata magana, sai in jira yana kusa in faɗa wa bango da ƙarfi. Shi ma in zai ba ni amsa, bangon yake ba. Haka muka yi shekara arba'in da wani abu, kuma ba mu taɓa saɓawa ba.

Maigidana ya daɗe da ciwon ƙaba. In ya ɗaga abu mai nauyi sai ta fito masa a matsematsi, ya je ƙarƙashin gawon da ke gonarmu ya kwanta rigingine, ya lallaɓa ta da hannu har ta koma, ya ɗaure da tsohon rawani, ya ci gaba da noma. Ɗan nan ya roƙe shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ya zo a yi masa aiki. Ya ƙi.

Wata Juma'a suna zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakina, ni ina ciki ina tsince wake, na ji maigidan yana cewa, "Lokotoro, ni ba wuƙa nake tsoro ba. Na yanka raguna sun fi a ƙirga, na san wuƙa. Barcin nan naku ne ba na so. Ku ɗora wa mutum abu a hanci ya tafi kamar an hure fitila. In ajali ya zo a lokacin fa? Da wane baki zan yi shahada? Tun ina saurayi nake roƙon Allah ya sa in cika da ita."

Ɗan ya ce malamai sun ce Allah yana duba abin da mutum ya rayu a kai.

"Malaman ne za su kwanta ko ni?"

Sai ɗan ya faɗa masa akwai wata hanyar. Allura ce ake yi a gadon baya, ta kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙafa, kai kuma yana nan garau. Mutum yana ji, yana magana, yana salati, ana yi masa aiki bai san ana yi ba. Ya ce a Maradi ana yin ta, su je.

"Wa zai yi mini?"

"Wani abokin aikina, Baba. Ya ƙware."

"Baƙo ya tsaya a bayana da allura, ni ban ga fuskarsa ba? Kai me ya hana ka?"

Ya ce ya koye ta tun yana lakol, amma asibitinsu ya yi shekaru babu kayan, hannunsa ya yi sanyi. Yanzu an kawo kayan, sai dai shugabansu ya ce ba wanda zai taɓa su sai wanda ya je ƙarin karatu ya sabunta hannu. Sati uku ne a Yamai, bayan kaka. Formasiyo suke ce masa. Kuma an sa sunansa.

Ranar na ji dariyar maigidana irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "To je ka koyo. In ka dawo ni ne na farko. In ka ɓata, ka ɓata a gida."

Da a nan maganar ta tsaya, da ban zaunar da yarinyar nan tana rubutu ba.

Kwana kaɗan bayan haka muna sussukar hatsi a bayan gari, mata da yawa, sai wata maƙwabciyata ta matso kusa da turmina. Ta ce, "Na ji an ce za a maida ɗanki lakol?"

Na ce ƙarin karatu ne.

Ta ce, "Uhm. Haka aka ce wa mijin ɗiyata, jandarma, lokacin da ya yi ɓarna a wajen aiki. Ƙarin karatu. Wata uku yana can yana shara." Ta ɗaga taɓarya ta sauke, sa'an nan ta ce, "Mutum da furfura a gemu, da ƴaƴa biyar, a ɗora shi kan benci? Ko dai wani ya sa barci bai tashi ba?"

Maganar nan ta shige ni. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, an yi mini ita a rijiya, an yi mini ita a gidan suna. Wata ma jaje ta zo yi mini, da ƙwaryar fura a hannu. Kowa da irin tasa: wani ya ce mace ce ta mutu a hannunsa, wani ya ce yaro. Ni kuwa abin da nake gani a raina, in na faɗa za ku yi dariya. Ina ganin ɗana da gajeren wando, zaune cikin yara, mushe, malamin lakol, yana tsaye a kansa da bulala. Abin da na sani game da lakol ke nan. A tunanina karatu kamar kaciya ne, sau ɗaya ake yi a gama.

Juma'ar da ta biyo ya zo a kan babur ɗinsa. Maigidan ya tafi Gangara gaisuwar rasuwa. Na yi abin da ban taɓa yi ba: na leƙo na ce masa, "Kai, shigo." Ya waiga yana neman wanda nake kira. Ya cire takalmi ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Tafiyar nan ba za ka yi ta ba."

Ya ɗago kai. Ya ce, "Inna, wani abu ya faru?"

Na faɗa masa abin da ake cewa a gari. Ya yi murmushi, ya ce ba wanda ya mutu a hannunsa. Ya ce kowa yana zuwa, har likitan da ke fiɗa yana zuwa nasa, domin magani yana sakewa, kayan aiki suna sakewa, abin da aka koya musu da can wani an daina shi.

Na ce, "Ungozomar garin nan tun kafin a haife ka take yanke cibi. Wa ya taɓa maida ta koyo?"

"Inna, wannan dabam ne."

"In ba ka yi laifi ba, ka zauna, mutane su ga ba ka yi ba. In ka tafi, ka gaskata su."

Sai ya ce, "Baba fa?"

Ina so a rubuta abin da na ce daidai, kar a gyara mini. Na ce, "Babanka ya fi shekara goma da abinsa. Ba bana zai kashe shi ba." Sa'an nan na ɗora masa abin da uwa ba ta ɗorawa sai ta rasa hujja. Na ce in ya tafi ban yafe masa nonon da ya sha ba. Na ce kuma kar ubansa ya ji daga ni ne.

Ya kalli tabarma. Ya ce, "Shi ke nan, Inna." Ya tashi ya sa takalminsa. Magana ta farko da na taɓa yi da ɗana fuska da fuska ke nan.

Ya je buro, wato ofishinsu, ya ce a ba wani gurbinsa, aka ba wani daga wani asibitin. Ya ce wa ubansa tafiyar ta ɗagu sai wani zagayen. Maigidan ya ce, "To, mu jira. Ni da ƙabata ba inda za mu." Surutun gari kuwa bai kai sati biyu ba ya mutu, don an samu sabon abin magana. Na ji daɗi a lokacin. Na ɗauka na tsare wa ɗana mutunci.

Sanyi ya wuce, bazara ta wuce. Ranar da aka wayi gari da ruwan shuka, maigidan ya sunkuya zai ɗora buhun taki a amalanke, sai na ji ya ce "Wash." Ya kwanta a zaure ya yi ta lallaɓa ta kamar yadda ya saba, ta ƙi komawa. Ya ce a bar shi, za ta koma. Da azahar ya fara amai. Muka sa shi a amalanken nan da bai gama lodawa ba har bakin kwalta, daga nan mota ta kai mu asibiti.

Likita ya duba shi ya ce hanji ya shaƙe, sai an buɗe ciki yanzu, kuma wannan aikin ba ya yiwuwa sai da barci gaba ɗaya. Mai sa barci a asibitin ɗaya ne, ɗana. Ina tsaye a bakin ƙofa aka turo gadon. Maigidan ya kama hannun rigarsa, ya ce, "Lokotoro, ashe ba mu kai ga allurar taka ba."

Ɗan ya ce, "Ba mu kai ba, Baba."

Bai dube ni ba. Da ya dube ni ko da harara ne, da ya fi mini sauƙi.

An shiga da shi bayan la'asar, aka fito da shi rana tana shirin faɗuwa. Sun yi iyakar abin da za su iya, wannan na shaida. Amma hanjin ya riga ya lalace, jikin kuma na tsoho ne. Bai buɗe ido ba. Washegari da hantsi ya cika, ina riƙe da ƙafarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Shekara arba'in da shida muna tare, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma ya tafi bai san ni ce na tare masa hanya ba.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, ɗan ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina. Ban yi wa bango magana ba. Na ce, "Ya faɗa?"

Ya gane shahada nake tambaya. Ya ce, "Ya faɗa, Inna. Maganin yana hannuna, likita yana jira, na ce a dakata. Ya faɗa sau uku, ina bin sa. Sai da ya rufe baki na sa masa. Bayanta bai ƙara cewa komai ba."

Na yi kuka mai yawa. Da na samu numfashi na ce, "Da ka je fa?"

Ya ce, "A ranar, ko da na je, sai an sa shi barci. Amma da na je, da tun cikin sanyi an yi masa aikin, yana kwance yana tsokanata."

Bai ƙara ba, bai rage ba. Ban ji haushinsa ba. Ni na tambaya.

Ina cikin takaba takardar kiransa formasiyo ta sake zuwa. Bai faɗa mini ba. Matarsa, wannan da ke rubutu, ita ce ta raɗa mini da ta kawo mini tuwo. Ta ce yana shirin sake bayar da gurbin, don har yanzu ban janye maganata ba. Ku ji fa. Ubansa yana ƙasa, shi kuma yana riƙe da maganar nonon. Na sa aka dako gero da kayan yaji, aka soya ƙuli-ƙuli, na ɗaure a ƙyalle. Na aika aka kira shi. Na tura masa ƙullin gabansa. Na ce, "Na janye. Je ka."

Ya yi sati ukunsa ya dawo. Da yamma ya zauna kusa da ɗakina yana ba matarsa labari da murya sama, na san ni ake ba. Ya ce akwai wani baya na roba da suke koyo a kai, a soka, a zare, a sake sokawa, har hannu ya gane inda allura take shiga ba tare da ido ba. Ya ce suna laluben ƙashin bayan junansu suna ƙirgawa. Ya ce an koya musu abin da za a yi in jinin mutum ya sauka bayan allurar, wanda a zamanin karatunsu ba haka ake yi ba. Ya ce a ajin akwai wani dattijo daga Damagaram, kansa fari fat, shi ya fi kowa tambaya. Na ce wa bango, "Da gajeren wando?" Suka yi ta dariya, ni ma na yi, karo na farko tun rasuwar.

Maƙwabciyar nan tawa, bayan shekara, ɗiyarta ta kasa haihuwa aka kai ta aka yi mata fiɗa. Da allurar baya aka yi mata, ta ji kukan jaririnta da kunnenta. Uwar ta zo har ɗakina tana cewa, "Ai ni tun da can na san yaron nan hannunsa da albarka." Na ce mata haka ne. Ban tuna mata komai ba. Ita magana ta yi, irin wadda ake yi a bakin turmi. Ni ce na ɗauka na kai ɗaki.

Shekara uku bayan haka ƙayar aduwa ta huda mini takalmi ina neman itace. Na sa maganin gida na ɗaure, na ɓoye, har ƙafar ta fara wari. Da aka kai ni asibiti likita ya ce sai an cire yatsu biyu a kankare sauran. Kuma da allurar baya za a yi.

Na ce a kawo wani.

Ɗan ya ce, "Inna, babu wani."

Aka zaunar da ni a bakin gado, aka ba ni matashin kai na rungume, aka ce in lanƙwasa baya kamar mai tsintar aya. Wata ma'aikaciya ta ɗaga mini riga daga baya. Kunya ta kusa kashe ni kafin allurar. Sai na ji babban yatsansa a kan gadon bayana, yana bi a hankali, ƙashi bayan ƙashi, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Rabon da jikina ya taɓa nasa tun ranar da aka yaye shi. Ya ce, "Za ki ji sanyi, sa'an nan ɗan tsini. Kar ki motsa." Na ji sanyin, na ji tsinin. Shi ke nan. Ƙafafuna suka yi ɗumi, suka yi nauyi, suka zama kamar na wani.

Aka kwantar da ni, aka tare mini gaba da ƙyalle. Ya zauna wajen kaina. Ina jin ƙarar ƙarafa, ina jin likita yana tambayar ko an yi ruwa wajen Sae Sabuwa. Na yi shahada, na ji muryata da kunnena. Na sake yi. Na yi salati. Ba abin da ya hana ni. A nan ne na gane abin da maigidana yake roƙo duk shekarun nan. Ɗan abu ne ƙanƙane, bai kai tsawon dafa shayi ba, kuma sati uku ne kawai suka raba shi da shi.

Hawaye suka gangaro mini cikin kunne. Ɗan ya sunkuyo da sauri ya ce, "Kina jin zafi?"

Sai na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa ranar suna, wanda ban taɓa furtawa ba. Ya fito mini wani iri a baki. Na ce, "Ka yafe mini."

Ya kafa ido a kan injin da ke ƙirga bugun zuciyata. Sa'an nan ya sa gefen hannu ya share mini kunne. Ya ce, "Na yafe tuntuni, Inna. Ki daina kuka, kina sa injin yana ruɗewa."

Yau ina takawa da yatsu takwas, da sanda. Mutane suna ce mini ajali ne, ko an yi aikin da wuri kwanansa ba zai ƙaru ba. Na yarda, ni Musulma ce. Amma ajalin nasa ne, maganar da na yi a ɗaki kuma tawa ce, ba na haɗa su don in samu sauƙi. Na hana abin da ban sani ba saboda ina jin kunyar matan da ko sati biyu ba su riƙe zancen ba. Da na tambaye shi sau ɗaya, ko ta bango ne, me ake koya a can, da ya faɗa mini.

Har yanzu takardar tana zuwa, wani lokaci bayan shekara, wani lokaci bayan biyu. Gemunsa ya yi fari gaba ɗaya, kuma yana tafiya. Ni nake daka masa guzuri, ba na bari kowa ya taɓa turmin. In an tambaye ni a rijiya ina mai barci, sai in ce ya koma lakol, da ƙarfi, yadda na nesa ma za ta ji.

Tsohon rawanin nan da maigidan yake ɗaure ƙabarsa yana nan cikin akwatina. Bara da ɗan zai tafi, na rasa ƙyallen da zan ƙulle masa ƙuli-ƙuli, sai na ɗauko shi na yage gefe ɗaya. Ya karɓa, ya juya ƙullin a hannu, ya gane. Ya sa a jaka ya hau babur.